Ina Za a Kai Dusar? Yadda Ake Buɗe wa Jirgin Ƙasa Hanya a Ƙasashen Sanyi

Ranar 13 ga watan Janairun 1952, jirgin ƙasan fasinja mai suna City of San Francisco, wanda ya taso daga Shikago ya nufi gaɓar tekun Kalifoniya, ya kutsa cikin tarin dusar ƙanƙara a kan tsaunukan Sierra Nevada, ya tsaya cak. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Mutum 226 ne a ciki, fasinja da ma'aikata. Kamfanin Southern Pacific mai layin kuwa ba baƙon dusar ba ne, domin an haura shekara tamanin ana fafatawa da ita a wannan hanya, kuma yana da manyan injunan share layi da duniya ke ji da su a lokacin. Ya tura su ceto, su ma suka maƙale. Ɗaya daga cikinsu dusar ta zaftaro daga kan dutse ta rufta masa, direbansa ya rasa ransa. Tururin da ke ɗumama taragu ya ƙare, mutane suka riƙa naɗe ƙafafunsu da duk wani ƙyalle da hannu ya kai. Sai a kwana na uku aka samu aka buɗe titin mota da ke kusa, aka tako da su a ƙafa zuwa motoci.

Na fara da wannan labari ne saboda yana warware wani zato da mai kallo daga nesa kan yi, cewa ai magana ce ta ƙarfin inji: a kawo babba, ya ture komai, jirgi ya wuce. Da haka abin yake, da an gama shi tun ƙarni na 19. Tambayar da ta fi damun ma'aikatan layin dogo a ƙasashen sanyi ita ce: idan ka ɗebe dusar daga kan layi, ina za ka kai ta? Kowane inji da aka ƙera cikin shekaru ɗari da hamsin ɗin nan amsa ce ga wannan tambaya, kuma kowace amsa tana da inda take tsayawa.

Mu da muka saba da ƙanƙarar da kan zo da ruwan farkon damina, ta faffasa ganyen masara ta narke kafin a jima, muna buƙatar ɗan bayani a kan ita kanta dusar. Sunan da Bahaushe ya ba ta ya dace da ita a ranar da ta sauka: sako-sako ce, mara nauyi, iska na iya kwasarta kamar dusar gero a bakin turmi. Idan ka auna akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ka cika shi da sabuwar dusar, nauyin bai cika wuce kilo hamsin zuwa ɗari ba, alhali ruwa a wannan akwatin kilo dubu ne. Amma ba ta zama a haka. Ta kwana biyu ta danne kanta, iska ta daddaƙe ta, rana ta ɗan narkar da samanta dare ya sake daskarar da shi, sai ka tarar da akwatin nan ya kai kilo ɗari uku ko huɗu. Wadda ta zaftaro daga kan dutse ta fi haka, tana daskarewa ne kamar an zuba siminti. Mu ɗan yi lissafi: layi mai tsawon kilomita ɗaya, ana so a share faɗin mita huɗu, dusar ta kai zurfin mita uku, kowane akwati kilo ɗari uku. Tan 3,600 ke nan, wato lodin tirelar siminti mai buhu ɗari shida har guda 120. A kilomita ɗaya tak. A mashigar Donner da ke kan tsaunukan Sierra Nevada, inda layin ya hau kimanin mita 2,100, dusar da ke sauka a hunturu guda takan kai kimanin mita goma idan an haɗa.

Shi kuma jirgin ƙasa, duk girman nan nasa, yana da rauni a ƙafa. Mota idan ta ga tudu sai ta kauce. Jirgi ba ya kaucewa. Abin da ke riƙe shi a kan hanya ɗan leɓe ne a gefen ciki na kowace ƙafa, wanda bai wuce santimita uku ba, yana bin jikin ƙarfen dogo ta ciki. Idan dusar ta daskare ta cike gurbin da leɓen ke bi, ƙafar sai ta hau kan ƙanƙarar, ta tsallake ƙarfen, jirgi ya sauka daga layi. Ƙanƙarar da ba ta fi kaurin tafin hannu ba tana iya yi wa kan jirgi mai tan ɗari wannan aika-aika. Shi ya sa injin da ya fi kowane fita aiki a hunturu ƙarami ne da ba a cika ɗaukar hotonsa ba: tarago ne mai wuƙaƙen ƙarfe a ƙarƙashinsa, ana sauke su tsakanin ƙarafan biyu su kankare dusar, su watsar da ita gefe. Aikin yana neman hankali, domin a tsakanin ƙarafan nan akwai abubuwan da ba a so wuƙa ta taɓa, kamar katakon da ke wurin da titin mota ya ratsa layi, da mahaɗar layuka. Dusar ta rufe su, ido ba ya ganinsu. Don haka tun da rani ake kakkafa alamu masu tsawo a gefen hanya, mai kula da wuƙar yana hango alama ya ɗaga, yana wucewa ya sake saukewa. Ya yi gyangyaɗi sau ɗaya, ya tumɓuke katakon ko ya kayar da taragon.

Dabara ta farko da aka fara da ita kowane manomi zai gane ta. Garma ce. Ƙaton ƙarfe ko katako mai baki biyu, ana ɗaura shi a goshin kan jirgi ko a gina shi a kan tarago mai nauyi, ya tsaga dusar ya kifar da ita dama da hagu kamar yadda garmar shanu ke kifar da ƙasa ta tayar da kunya. Inda layi biyu ke jere da juna, ana amfani da mai baki ɗaya, don kada a share wannan a rufe wancan. Garma ba ta da injin kanta, ba ta cika lalacewa ba, ba ta da tsada, kuma tana aiki da gudu. Gudun ma shi ne sirrinta: idan tana tafe da sauri dusar na hawa jikinta ta yi tsalle ta faɗi can nesa, idan kuwa a hankali take tafe sai dai ta tura ta gefe kaɗan. Har gobe ita ce ke yin mafi yawan aikin a filayen Kanada da Rasha da arewacin Japan.

Sai dai gudu a cikin abin da ba ka san me ke ƙunshe a cikinsa ba kasada ce. A zamanin farko na layin Sierra Nevada, wanda ya zama ɓangare na hanyar da ta haɗa gabas da yammacin Amurka a 1869, idan tarin ya yi yawa sai a jera kawunan jirgi shida ko fiye a bayan garma guda, a ja da baya, a taho a guje a sheme ta cikin dusar. Ta shiga iyakar shigarta ta maƙale, ma'aikata su sauko da shebur su tono ta, a sake ja da baya, a sake tahowa. Garma ta sha tashi sama ta bar layi, kawunan da ke baya su hau kanta.

Ko babu haɗari, garma tana da iyaka, kuma a nan tambayar nan tawa take fitowa fili. Yau ka ture dusar gefe, gobe wata ta sauka ka ture ta kan ta jiya. Kafin wata guda jirgi na tafiya ne a cikin lungu tsakanin katanga biyu farare, wani wuri sun fi shi tsawo. Garma ba ta iya ɗaga dusar ta tsallake katangar, sai ta zubo ta dawo kan layi a bayanta. Inda aka sare tudu aka ratsa layi ta tsakiyarsa, tun ran farko ma babu gefen da za a tura komai. An ƙara wa wasu taragun fukafukan ƙarfe masu buɗewa, irin injin da Oswald Jordan ya ƙirƙiro don baje tsakuwar layi, aka ga yana iya ture katangar baya ya ba da fili. Yana taimakawa ƙwarai a gefen dutse, inda akwai gangaren da za a tura dusar ta faɗa. Inda babu gangare, ranar da fukafukan za su gaza tana nan tafe.

Wanda ya fara tunanin a daina turewa a koma jifa likitan haƙori ne a birnin Toronto na Kanada, J. W. Elliott, a 1869. Bai samu wanda zai ƙera masa ba. Wani ɗan Kanada, Orange Jull, ya gyara tunanin, aka gwada injinsa a hunturun 1883 zuwa 1884, wasu 'yan'uwa biyu masu suna Leslie suka ɗauki nauyin ƙerawa da sayarwa, kuma kafin 1890 manyan kamfanonin yammacin Amurka sun fara saye. Siffarsa ba ta canza sosai ba har yau. A goshinsa akwai akwatin ƙarfe mai buɗaɗɗen baki, a ciki kuma ƙatuwar fanka wadda faɗinta ya haura mita uku. Fuskar fankar wuƙaƙe ne, bayansu kuma aljihuna. Ana tura injin a hankali cikin tarin, wuƙaƙen su yanki dusar, ta faɗa aljihunan, juyawar fankar ta yi majaujawa da ita ta fice ta wata kafa a sama, ta tashi kamar an buɗe ƙaton famfo, ta je ta faɗi mita talatin ko fiye daga layin. Ana iya juya fankar ta wancan hannun a karkata kafar, domin a zaɓi ɓangaren da za a watsa, galibi ɓangaren gangare ko inda iska ta dosa.

A yawancin na Amurka, duk ƙarfin injin a fankar yake ƙarewa. Ba ya tafiya da kansa, sai kawunan jirgi sun turo shi daga baya. Wannan ya sa aikin ya zama na sauraro. Wanda ke zaune a gaba sau da yawa ba ya ganin komai sai fari, tagogi sun rufe, ƙasa na rawa. Da kunne yake gane halin da fankar ke ciki. Idan ƙararta ta fara yin ƙasa, an cusa mata fiye da abin da za ta iya haɗiya, sai ya sa masu turi su sassauta. Idan aka matsa, dusar ta cushe a cikin akwatin ta daskare, sai an ja baya an shiga da shebur da diga. A zamanin tururi da usur ake wannan magana tsakanin gaba da baya, yanzu da rediyo. Tafiyar kuwa a tari mai zurfi ba ta fi ta mai tafiya a ƙafa ba.

Ina ganin girman wannan inji, kuma duk wanda ya ga hotonsa yana aiki zai gane dalili. Amma ma'aikatan da suka san shi ba sa ɗokin fito da shi. Na farko, yana cin kuɗi da mutane, kuma muddin yana kan layi yana rarrafe babu jirgin kaya da zai wuce. Na biyu, dusar da ta zaftaro daga dutse takan zo da duwatsu da kututturan itace a cikinta, kuma dutse guda ya isa ya kakkarya wuƙaƙen. Akan sa mutane su riga shi gaba suna soka dogayen sanduna suna lalube. Na uku shi ne mafi muhimmanci: hanyar da yake buɗewa rami ne mai miƙaƙƙun bango, daidai faɗin jirgi. Iska na tasowa cikin dare ta share dusar filin da ke kewaye ta zuba a ramin, gari ya waye ya cika. Garma kuma ba ta da abin yi a cikin irin wannan rami. Wato ranar da ka fara amfani da mai fanka a wani wuri, ka ɗaure kanka da shi, sai ka samu sararin faɗaɗa ramin.

Japanawa sun fuskanci wannan matsala a yankunan da ke fuskantar Tekun Japan, inda dusar ke sauka da yawa kuma jiƙaƙƙiya, mai nauyi. Tsofaffin layukansu ƙanana ne, faɗin milimita 1,067, daidai da tsohon layin Legas zuwa Kano. Maganin da suka yi yana kama da aikin baya da baya: su da ke son kawar da dusar daga kan layi, sai suka ƙera tarago mai fukafukai da ke rushe katangun gefe ya tattaro dusar ya dawo da ita tsakiyar layi. Kan jirgi na jan wannan a gaba, mai fanka na biye a baya wani kan jirgin na tura shi, yana kwashe abin da aka tara yana jefawa nesa. Jerin nan mai abu huɗu, wanda aka yi amfani da shi a zamanin tururi, suna kiransa kimaroki, daga farkon sunan kowane ɗaya. Da an wuce, katangu sun tafi, garma ta sake samun wurin zuba na gobe. A ganina babu wata dabara da ta nuna fahimtar matsalar kamar wannan, domin abin da ake nema shi ne filin da za a ajiye dusar da ba ta riga ta sauka ba.

A cikin tasha labarin ya sake. Inda layuka ashirin ko talatin suke jere, ko'ina ka jefa dusar kan wani layin ta faɗa. Rashawa, waɗanda tashoshinsu na kaya ke shafe watanni cikin sanyi, suna da jirgi na musamman, irin wanda ake kira SM-2: gabansa na tattara dusar da burushi da wuƙa, bel mai tafiya ya haura da ita ya zuba a taragun da ke baya, idan sun cika a ja su bayan gari a juye. Kwasar shara ke nan, ba wani abu ba. A birnin Sapporo na Japan kuma, inda ƙananan jiragen cikin gari ke bin titi ɗaya da motoci, tun 1925 tsintsiya ake amfani da ita: ana jera tsagaggen gora a jikin wani gangan da ke juyawa a gaban taragon, ya share dusar ba tare da ya ji wa kwalta ko ƙarfe ciwo ba.

Wurin da ya fi ko'ina saurin tsayar da jirage shi ne mahaɗa, inda ake sauya wa jirgi layi. A nan akwai siririn ƙarfe mai motsi, wanda dole ya manne da ɗan'uwansa tsam kafin na'ura ta ba jirgi izinin wucewa. Dunƙulen ƙanƙara kamar ƙwallon goriba ya faɗa tsakaninsu, ƙarfen ba zai rufe ba, danja ba za ta saki ba, jirage goma su yi layi a baya. Babu mai fankar da zai yi maganin wannan. Da can mutum ne da tsintsiya da ɗan ƙarfen sakace, yana tsaye cikin sanyi dare farai. Yanzu ana shimfiɗa waya mai ɗumi a jikin ƙarfen, ko a hura iska mai zafi. A wata babbar mahaɗa a yammacin tsakiyar Shikago, kamfanin Metra har yanzu wutar gas yake kunnawa a jikin ƙarafan, harshenta na ci a fili jirage na bi ta kai. Lokacin tsananin sanyin Janairun 2019 hotunan wurin sun zagaya duniya, mutane da yawa suka ɗauka gobara ce. An kuma gwada injin jirgin sama: a Birtaniya a hunturun 1947 an ɗaura shi a kan tarago, ya kori dusar, ya haɗa da tsakuwar da ke riƙe layin. Duk da haka wasu kamfanonin Amurka sun ci gaba da amfani da irinsa a tashoshi, da taka-tsantsan, saboda yana busar da mahaɗa cikin ɗan lokaci, ko da yake shan mansa da ƙararsa ba a magana.

Akwai kuma dusar da ba a kan layi take ɓarna ba, a cikin jirgin take yi. A watan Fabrairun 1991 jiragen Birtaniya suka rikice, wani jami'in hukumar jiragen ƙasa ya yi bayani cewa irin dusar da ta sauka daban ce da wadda aka saba. Jaridu suka mayar da maganar abin ba'a, har yau ana tuna ta a can a matsayin uzurin banza. Ni kuwa ina ganin gaskiya ya faɗa. Dusar Ingila galibi jiƙaƙƙiya ce, tana zama inda ta faɗi. Ta wannan shekara busasshiya ce, laushinta kamar garin fulawa, ba ta yi zurfin da garma za ta kama ba, amma iskar jirgi na tayar da ita, injunan lantarki su zuƙe ta ta kafofin shan iska, ta narke a ciki ta haɗa waya. Wanda ya san yadda ƙurar hunturu ke shiga ɗakin da aka rufe ƙofa da taga zai gane. Shekara goma sha takwas bayan haka, daren 18 ga Disambar 2009, jiragen Eurostar biyar suka mutu a cikin ramin da ke ƙarƙashin teku tsakanin Faransa da Ingila. Sun kwaso irin wannan dusar a arewacin Faransa, suka shiga ramin mai ɗumi, ta narke a kan kayan lantarki. Fasinja fiye da dubu biyu suka kwana a ciki.

Jirage masu tsananin gudu sun zo da nasu ciwon. Layin Shinkansen na farko, wanda aka buɗe tsakanin Tokyo da Osaka a 1964, yana ratsa yankin Sekigahara mai dusa. Gudun jirgin na tayar da ita ta manne a ƙarƙashinsa ta zama dunƙule, idan ya isa wuri mai ɗumi dunƙulen ya saki ya faɗi da ƙarfin gudun, ya daki tsakuwa, tsakuwar ta yi tsalle ta fasa gilashi ko na'ura. Abin da suke yi shi ne fesa wa dusar ruwa don ta jiƙe ta daina tashi, a rage gudu a wurin, sannan a tasha ma'aikata su wanke ƙarƙashin jirgin. Da za su gina layin Joetsu zuwa Niigata, wanda aka buɗe a 1982 a yanki mai dusa da yawa ƙwarai, sai suka ba tambayar amsa ta daban gaba ɗaya: kada a kai ta ko'ina, a narkar da ita a inda ta faɗi. An jera famfunan feshi a tsawon kilomitoci masu yawa, da dusar ta fara sauka su fara watsa ruwan ɗumi, ruwan ya gangara ta magudana a tara shi a sake ɗumamawa. Dabara ce mai kyau, amma tana son ruwa mai yawa, da makamashi, da sanyin da bai yi tsanani ba. A Siberiya ruwan zai daskare ne kafin ya gangara.

Wata tsohuwar hanya kuma ita ce a hana dusar isa layin. Masu ginin layin Sierra Nevada sun gane haka tun hunturunsu na farko, suka gina rumfunan katako a kan layi, tsawonsu a haɗe kusan kilomita sittin. Rumfunan sun yi aiki, suka kuma haifi wasu matsalolin. Da rani tartsatsin kan jirgi na cinna musu wuta, har sai da aka ajiye jiragen kashe gobara a shirye. Hayaƙi kuma na taruwa a ciki ya shaƙe direbobi, abin da ya sa kamfanin ya koma ƙera kawunan jirgi masu ɗakin direba a gaba, bututun hayaƙi a baya. Inda rumfa ta gaza sai rami, kuma sau da yawa sai an yi asarar rayuka ake yarda a kashe kuɗin. A ranar 1 ga Maris 1910, a Wellington ta jihar Washington a Amurka, dusar ta zaftaro ta tafi da jirage biyu da suka kwana da kwanaki a maƙale, mutum 96 suka mutu. Kwana uku bayan haka, a mashigar Rogers ta Kanada, ma'aikata na tsakiyar share wata zaftarewar da shebur da injin fanka cikin dare, wata ta taho daga dutsen da ke ɗaya gefen ta binne su a cikin ramin da suka haƙa. Kusan sittin suka rasu, da yawansu leburori ne 'yan Japan. A 1916 aka buɗe ramin Connaught mai kilomita takwas a ƙarƙashin wannan mashiga, a 1929 kuma sabon ramin Cascade mai fiye da kilomita goma sha biyu ya kauce wa Wellington. Norwe ma, bayan shekaru tamanin da ɗoriya tana fama a layin Oslo zuwa Bergen, ta buɗe ramin Finse mai kilomita goma a 1993 don ta sauke layin daga wuri mafi tsawo. A mashigar Rogers har yanzu sojojin Kanada na harba igwa kan duwatsu da hunturu, su zubo da dusar tun tana kaɗan, a lokacin da aka tsayar da motoci da jirage.

A fili kuma, inda iska ce ke kawo dusar, shinge ake kafawa nesa kaɗan da layi, mai ramuka, don ya rage wa iska ƙarfi ta sauke kayanta kafin ta iso. Japan ta fara dasa dazuzzuka na musamman don wannan a Noheji tun 1893. A nan ne abin ya taɓo mu kai tsaye, domin yashi ma haka yake tafiya, haka kuma yake taruwa a duk inda iska ta samu cikas. Layin da ke ɗaukar ƙarfen tama daga Zuwerat zuwa Nuwadibu a Muritaniya, kilomita ɗari bakwai cikin Sahara, kullum cikin kwasar yashi yake, kuma yashi ya fi dusar mugunta ta fuska ɗaya: bazara ba ta narkar da shi. Jerin dogon yaro da aka dasa a Kano da Jigawa don tare iska aiki iri ɗaya yake yi da dajin Noheji. Masu shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi za su amfana idan suka dubi ta ina iskar hunturu ke bugowa tun kafin su yanke shawarar inda za a sare tudu.

Abin da ya rage shi ne batun ajiye inji mai tsada wanda zai iya shekara biyar bai fita ba. Kamfanin Union Pacific, wanda ya haɗiye Southern Pacific a 1996, yana ajiye masu fankarsa a garin Roseville a gindin tsaunin. Tsofaffi ne, an cire musu tukunyar tururi tuntuni an sa musu injunan lantarki. A yawancin shekaru masu kankare tsakanin ƙarafa da masu fukafukai sun wadatar, suna kai da komo dare da rana tun dusar ba ta taru ba. Amma a 2011 an fito da masu fankar, haka ma a 2017. Mai lissafin kuɗi zai ga ƙarfe ne zaune yana cin kuɗin gyara, kuma ban ce ƙarya yake ba. Abin da nake jin tsoro ya fi tsatsar ƙarfen: mutanen da suka san ƙarar fankar da kunne suna yin ritaya, kuma wanda aka ɗauka aiki bana zai iya shekaru bai taɓa zama a wannan kujera ba sai daren da ake buƙatarsa. A Suwizalan, a layin Bernina da ke hawa har mita 2,253, akwai mai fanka na tururi da aka ƙera a 1910, mai tafiya da ƙafarsa saboda lanƙwashe-lanƙwashen layin sun yi tsanani ga turi daga baya. Injunan zamani sun karɓe aikin yau da kullum, amma kamfanin bai kai shi gidan tarihi ya kulle ba. Da hunturu akan hura masa wuta, ma'aikata su hau, ɗaya na zuba kwal, ɗaya na riƙe da fankar, su fita da shi kan dutsen ya yanki dusar gaske.